Kiran Laraba na Yaya Madalla

Yayana mai wanki da guga ne, ko in ce shi ne a da, kafin bayansa ya ƙi. Sunansa na yanka ni kaina sai na tsaya tunani nake tuno shi, don tun da na yi wayo ban ji mai kiransa da shi ba. Madalla kowa ke ce masa. Ka miƙa masa ruwa mai ɗumi da tsakar rana, ya ce madalla. Tela ya lalata masa yadi, ya sa rigar ya juya gaba ya juya baya, ya ce madalla, ai haka ma ta fi shan iska. Ni kuwa da nake bi masa, Allah bai yi ni haka ba. Malamar firamare ce ni har na yi ritaya, da jan biro a hannu na tsufa, kuma in abu bai yi ba sai in ce bai yi ba, ko na ɗan hedimasta ne. Mutane kan riƙe baki in an ce musu ciki ɗaya muka fito.

Cikin ɗaya ne, gidan ne ba ɗaya ba. Mahaifinmu ya rasu ina goye. Inna ta koma gidansu da ni, shi kuma aka bar shi hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ba zan ɗauki alhakin mamaci ba, Baffa bai taɓa barinsa da yunwa ba. Amma yaron da ya tashi yana sa kwancen 'ya'yan gida, akwai abin da yake koya wanda ba a aji ake koyar da shi ba. Ya taɓa ba ni labari cewa an ba shi wata riga, ya ce ta matse shi a hammata. Baffa bai yi faɗa ba. Ya karɓi rigar ya ninke, ya ce to, a bari sai an sami wadda ta dace da shi. Wadda ta dace ɗin ba ta zo ba, da yagaggiyar tsohuwarsa ya ƙarasa sanyin shekarar. Tun daga nan bakinsa bai sake kushe abin da aka ba shi ba.

Da ya girma ya sami aiki a ɗakin wankin wani otal, can ƙasa inda babu taga, sai tururi da ƙarar inji. Yana son aikin nan. Yana can ya yi aure, kuma matarsa na da tsohon ciki lokacin da wani baƙo ya kai ƙara cewa an ƙona masa kwalar riga. Gaskiya ne an ƙona, kuma Yaya ne ya ƙona, ɗan tabo ne wanda in ba a nuna maka ba ba za ka gani ba. Manaja ya kira shi ofis, kafin azahar an sallame shi. Baƙon ya kama hanyarsa washegari, ina jin bai ma san abin da maganarsa ta jawo ba. Yaya ya dawo gida da takalman aikinsa a leda. Matarsa ta ce min wuni ya yi zaune a bakin gado, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, da ma mutumin ya kira shi ya zage shi ido da ido, da ya fi masa sauƙi.

Da taimakon surukinsa ya kama wani siririn shago a bakin layi. Tebur ɗaya, dutsen guga na gawayi da na lantarki, bahuna a ƙarƙashin tebur, igiyoyin shanya a baya. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Hannunsa ya san sabulu yadda harshen mai girki ya san gishiri. Sai ya murza garin wanki tsakanin yatsu, ya sansana, ya ce wannan kumfa ce kawai ba ƙarfi, wancan kuma zai ci launi. Mutane kan kawo masa rigar da suke ji da ita, su shimfiɗa a tebur, su tsaya suna kallon bakinsa: Madalla, wannan tabon zai fita kuwa?

Daga baya abubuwa suka fara barinsa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta rasu. Ɗansa aiki ya kai shi gari mai nisa, 'yarsa aure ya kai ta wani. Suna kira, ba zan yi musu sharri ba, amma kiran nasu duk iri ɗaya ne: Baba ya jiki, ka sha magani, to sai an jima, ana nemana. Sannan bayan ya ƙi, tsayuwa gaban tebur ta gagare shi, mai shago ya ba wani mai cajin waya wurin. Ni ma a lokacin nawa mijin ya rasu, sai na kwashe kayana na dawo gidansa, muka zama tsofaffi biyu a ɗaki biyu da tsakar gida. Mutumin da ake layi don jin abin da zai ce, ya wayi gari ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa. Yakan wuni a kujera bakin taga yana kallon layi. In na yi masa magana ya amsa, in na yi shiru shi ke nan.

Ana haka wata safiya wata mata ta yi sallama, sanye da riga mai tambarin wani kamfanin sabulu, da babbar waya a hannu. Ta ce gida-gida suke bi suna neman masu yawan wanki, waɗanda za a riƙa aiko musu da sabon garin wanki su gwada su faɗi ra'ayinsu. Ni har na buɗe baki zan sallame ta, sai ta hango Yaya a tsakar gida kan 'yar kujera yana cuɗa zanen gado, don ko da bayan ya ƙi bai yarda wani ya taɓa wankin gidan ba. Da ta ji sana'arsa sai ta ja benci ta zauna. Mutum nawa ne a gidan, ruwan famfo ne ko na rijiya, da hannu ake wanki ko da inji, ƙaramin ƙunshi ake saye ko babba. Yaya ya goge hannu ya gyara zama, yana amsawa a tsanake kamar wanda ke gaban alƙali. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka har na manta.

Bayan nan mai babur ya fara kawo ƙunshi. Farar leda ce, ba suna ba hoto, sai harafi ɗaya da aka buga a jiki. Kowace Laraba kuma da yamma waya ta yi ƙara, wata ma'aikaciyar kamfanin ta kira ta yi tambayoyi. Kunnensa ya yi nauyi, don haka nake sa masa wayar a sifika, shi ya sa komai a kunnena ake yi. Mace ce mai sanyin murya, da ɗan tari da ba ya rabuwa da ita, kana jin hayaniyar wasu masu irin aikinta a bayanta. Tana ce masa Baba, yana ce mata 'yata. Ni kuwa Mai Tambaya nake ce mata.

Tambayoyin ba sa canzawa. Ƙamshi, kumfa, fitar da datti, laushin kaya bayan sun bushe, yadda yake yi wa hannu. Kowanne a ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar, ɗaya bai yi ba sam, biyar ya yi ƙwarai. Amma Yaya ba ya barin a shiga maki sai an gaisa. Ya tambayi tarinta, ya tambayi yaranta, har ya san ƙaramin yana fama da haƙori. Ita ma takan yi dariya ta ce Baba ana ƙirga mana lokaci fa, amma sai ta tsaya ta ji yadda ake fitar da tabon tawada daga aljihun rigar makaranta.

Wallahi Larabar nan ta dawo min da yayana. Tun Litinin zai fara shiri. Ya yayyanka tsohon zanen gado, wannan ya shafa masa mai, wannan shayi, wannan laka, wannan jan birona da na ajiye tun ina aiki, bai ma tambaye ni ba. Ya wanke, ya ɗauraye, ya shanya, ya ɗaga kowanne a rana yana ƙanƙance ido. Ranar Laraba kuwa wanka yake sakewa, ya sa riga mai guga da hula, ya ja kujera bakin taga, ya ɗora wayar a kan tsohon teburin gugarsa. Na ce masa, Yaya, ba ta ganinka fa. Ya ce shi ai yana ganin kansa.

Abin da ya riƙa ƙona min rai shi ne wannan. Duk gwajin nan da gaske yake yinsa, kuma sakamakon gaskiya ni yake gaya wa. Amma da an kira, ƙamshi biyar, kumfa biyar, fitar da datti biyar, madalla, Allah ya yi albarka. Wata Laraba yana ajiye waya na tare shi.

"Yaya, ba kai ka ce min jiya wannan garin alli ne aka zuba wa turare ba?"

"Na ce."

"To?"

"To kyauta suka aiko min da shi har gida, Malama. Sai in wanke kayana da shi, in kuma zage su?"

"Wa ya ce ka zage su? Tambayarka suka yi!"

"Ke dai kin saba ba yaran mutane sifiri," ya ce yana dariya. "Ni hannuna bai iya ba."

'Yata ta fari ce ta fahimtar da ni abin da ke tafe. A kamfanin waya take aiki, a sashen da suke wuni gaban kwamfuta suna nazarin abin da mutane ke saye da abin da suke gudu. Ta zo gaishe mu, na ba ta labari a madafa ina wasa, sai na ga ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, Mama, ba mutum ne ke zama ya saurari amsar Kawu ba. Gidaje ne rututu irin namu ake kira, a zuba amsoshin duka a kwamfuta, a raba su: masu ruwan rijiya daban, masu inji daban, masu sayen ƙaramin ƙunshi daban. Da abin da ya fito ne manya ke yanke shawara, wane gari za a fitar kasuwa, wanne za a binne, wane ƙamshi za a kai wane yanki, har inda za a buɗe sabon rumbun ajiya. Dukiya mai yawa ke hawa kan amsoshin nan, in ji ta, shi ya sa kafin a yi lissafi sai an tace su.

Na ce tacewa kamar yaya.

"Duk wanda amsarsa ba ta motsi, cire shi ake yi. Wanda ya ce komai biyar, daidai yake da wanda bai ce komai ba. Kwamfuta za ta ɗauka ko gwadawa ba ya yi."

"Ba ya yi? Mutumin da ya ƙarar min da zannuwan gado?"

"Ita ba ta ga zannuwan ba, Mama. Kuma ba zalunci ba ne, ni ma da hannuna nake cire irinsu. In aka bar su, sai a fitar wa mutane kayan banza."

Gaskiyarta ce. Ni ma ɗalibin da ya zaɓi amsa ta farko tun daga saman takarda har ƙasa, na san abin da nake yi masa. Na leƙa ta taga na ga Yaya yana jera tsummokaransa a igiya yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na yi masa bayani da yamma, ya ce yaran zamani da tsoro suke, wa zai kori mutum don ya yaba.

Ba a jima ba maganar ta tabbata. Wata Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Mai Tambaya ce, da wayarta ta kira, ba hayaniya a bayanta sai kukan yaro. Ta ce bai kamata ta yi wannan kiran ba, in aka sani za ta iya rasa aikinta. An sa wa sunan Baba alama. In amsar Laraba mai zuwa ta fito kamar sauran, za a cire shi, kuma ita ba ta da ikon hanawa.

"Baba, don Allah ka faɗi abin da ka gani kawai. Ko abu ɗaya ne ka rage masa maki. Ba wanda zai ji haushi."

Ya ce to, 'yata, madalla, an gode. Ya ajiye wayar. Abincin rana na kai masa na dawo na ɗauke yadda na ajiye. Can ya ɗago ya ce, "Malama, me na yi musu?" Na ce ba ka yi musu komai ba, matsalar ke nan.

Kamar da gangan, ƙunshin da mai babur ya kawo a makon nan shi ne mafi muni da aka taɓa aikowa. Ƙamshi kam ga shi har layi, kumfa har tana zuba daga baho. Amma kafin ya gama wankin gwaji da yammacin Lahadin nan hannunsa ya yi ja. Washegari tsakanin yatsunsa ya tsattsage, fatar bayan hannu ta fara saɓulewa, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Hannun da ya yi shekara da shekaru cikin ruwan sabulu bai taɓa yin haka ba. Ina shafa masa mai ina zage-zage, shi kuma yana cije leɓe yana cewa sinadarin ne ya yi yawa, wanda ya auna ya zarce. A raina na ce Allah ya kawo mana mafita, wannan ko Yaya ba zai iya yabonsa ba.

Duk da haka ban yarda da shi ba, sai na sa shi a aji. Na ɗauki rimot ɗin talabijin na kara a kunne kamar waya, na siranta murya har da ɗan tari.

"Baba, yadda garin nan yake yi wa hannu, daga ɗaya zuwa biyar?"

Ya yi dariya har da riƙe baya. Na ɗaure fuska, irin ɗaurewar da ke sa aji ya yi tsit.

"Huɗu," ya ce.

"Dubi hannunka."

"Uku da rabi."

"Babu rabi. Yaya, akwai matan da za su wanke kayan jarirai da abin nan. Ka tuna da su."

Wannan ta shige shi. Ya dubi hannuwan, ya juya su. Sannan ya ce ɗaya, a hankali, kamar mai faɗin abin kunya. Na ce ban ji ba. Ya ƙara. Muka yi ta yi, Litinin da Talata, ina girki ina jefo masa tambaya daga madafa, yana amsowa daga bakin taga. Zuwa yammacin Talata har ya iya haɗa jimla: ɗaya, ya ci min hannu, a rage sinadarin. Na ce ka ga, sama ba ta faɗo ba. Ya ce tukuna dai.

Ranar Laraba ni na sa masa maɓallan riga, don yatsun ba sa lanƙwasuwa. Na ja kujerata kusa da tasa. Waya ta yi ƙara a lokacinta. Suka gaisa, ya tambayi tari, ya tambayi mai haƙori, amma kana ji ka san su biyun duka a ɗarare suke. Ta karanto abin da takan karanto kullum, cewa ana naɗar wannan hira, sannan ta shiga tambaya. Ƙamshi, biyar. Kumfa, biyar. Waɗannan gaskiya ne. Fitar da datti, biyar. Laushin kaya, biyar. Na fara murza gefen zanena.

"Yadda yake yi wa hannu, Baba?"

Ya dube ni. Na zare masa ido.

"Ɗaya," ya ce. "Ya ci min hannu, 'yata. A rage sinadarin."

"Yauwa, Baba!" Har ta manta ana naɗa, murna ta fito a muryarta ƙarara. Ni kuwa saura kaɗan in yi guɗa. Na ji ƙarar maɓallan kwamfutarta tana rubutawa. Ta yi masa sannu, ta tambayi ko ya shafa magani, ta ce irin wannan amsar ba ta jira, yau ɗin nan za a tura ta sama.

Da ma ba ta faɗi wannan ba.

"Sama wurin wa?" in ji Yaya.

"Wurin masu haɗa garin, Baba. In an sami ƙorafin hannu, sai an binciki wanda ya auna."

"A bincike shi a yi masa me?"

"Ni dai ban sani ba. Gyara za a yi."

"Yana da iyali?"

Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ita ba ta san shi ba, ba ma a gini ɗaya suke ba. Na ga fuskar Yaya ta canza. Na san inda ya tafi, ya koma ofishin manajan otal yana tsaye da hula a hannu. Na kama gwiwarsa na matse, ina girgiza masa kai. Bai ko dube ni ba.

"'Yata, goge wannan. Hannuna ne ya tsufa, ba laifin garin ba ne."

"Baba…"

"Fatar tsoho ce, ko ruwa zalla sai ya tsage ta. Sa biyar."

Na ce, "Yaya!" da ƙarfi, har na san ya shiga naɗin. Ya ɗaga min kumburarren hannunsa, alamar in yi shiru, abin da bai taɓa yi min ba tun muna yara.

Mai Tambaya ta sauke murya.

"Baba, abin da ka faɗa na ƙarshe shi doka ta ce in rubuta. Zan sake tambayarka. Ka yi tunani, don Allah. Yadda yake yi wa hannu, daga ɗaya zuwa biyar?"

Ya san abin da take nufi. Kada wani ya ce bai gane ba, na ga idonsa ya ciko.

"Biyar, 'yata. Madalla."

Na ji maɓalli ɗaya ya yi ƙara. Sannan ta karanto godiyar kamfani da ake rufe kira da ita, tana yi tana tsayawa, ban sani ba ko tarin ne. A ƙarshe ta ƙara abin da ba ya cikin karatun, ta ce Allah ya ba ka lafiya, Baba, ka riƙa shafa mai. Ya ce ta gaishe da yara.

Abin da na faɗa masa bayan nan ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ya zaɓi mutumin da bai sani ba, wanda wataƙila ma ba abin da zai same shi, ya bar kansa. Na ce matan da za su tsage hannu fa, su ba mutane ba ne? Na ce kirkin da ke cutar da mai shi ya cutar da wasu ba kirki ba ne, tsoro ne aka sa wa riga mai guga. Har yau ina ganin gaskiya na faɗa. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Sauran gidajen za su faɗa, Malama. Ba sai ta bakina ba." Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki.

Mai babur bai zo a makon ba. Yaya bai tambaya ba, ni ma ban tayar ba. Litinin ta wuce ba a yanka tsumma ba, igiya ta wuni da kayanmu kawai. Na ɗauka ya haƙura.

Ranar Laraba da yamma na fito daga madafa na same shi ya yi wanka, ya sa riga da hula, maɓallan a karkace don shi ya sa da kansa. Kujera na bakin taga, waya na kan tebur, ya cika ta da caji. Na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na koma na rage wuta, na dawo na zauna kusa da shi ina tsince shinkafar da ba ta buƙatar tsinta.

Lokacin kiran ya yi, ya wuce. Yara suka taso daga makarantar yamma suka cika layi da ihu, suka watse. Ya ɗauki wayar ya duba, ya ajiye. Can ya miƙo min ya ce in duba masa ko ya taɓa wani abu ya kashe ƙarar. Na duba, ƙarar na nan har ƙarshe. Rana ta sauka daga kan teburin ta koma bango, mai cajin waya na bakin layi ya kunna fitilarsa. Yaya ya cire hular ya ɗora a gwiwa, yana shafa ta da yatsun da ba su gama warkewa ba.

"Ƙila layi ne ba kyau yau," ya ce, bai dube ni ba.

Ni da ban taɓa barin kuskure ya wuce gabana ban ja masa jan layi ba, amsa na nan a bakina a shirye. Na dubi maɓallan nan a karkace, na haɗiye ta.

"Layi ne, Yaya," na ce. "Tun safe yake wahalar da mutane."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da wayar kan tebur, ya gyara mata zama yadda za ta fuskance shi, ya ce bari ya ɗan ƙara jira.